An Ce Na Dama

Ina ofis ina kokawa da na'urar buga takardu, wadda ba ta cinye takarda sai ranar da kake sauri, sai ga kiran Gwaggo. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Gajere, ka zo. Sun shigo. Sun karya mata hannu."

Ban tambaye ta su wa ba. Na bar takardun a bakin na'urar na fita da gudu, na tari mota a titi, don ba zan iya jiran direban ofis ba.

Ni lauyan gwamnatin tarayya ne, mai gabatar da ƙara. Aikina in tsaya gaban alƙali in nuna masa cewa wane ya aikata laifi, ba da hayaniya ba, da shaida. Shari'ar da ke hannuna a lokacin ta wani attajiri ce da muke kira Mai Sito. A sitonsa ake ɗura ruwan banza a kwalabe, a liƙa musu takardar maganin zazzaɓin yara, a watsa a kasuwa. Yara sun sha, wasu ba su tashi ba. Shi kuma ya kafe cewa kwalaben ba daga wurinsa suka fito ba, sharri ne na 'yan hassada. Ma'aikatansa duk suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, sai mace ɗaya ta rage, wadda take liƙa takardun a jikin kwalabe. Mai Gam muke ce mata. Idan ba ta tsaya a kotu ba, Mai Sito zai karkaɗe rigarsa ya koma gida.

Ni na ɓoye ta a ɗakin baya na gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni. Ni na dube ta ido cikin ido na ce ko ƙuda ba zai san inda take ba.

Na tarar da layin ya cika. Tuni an wuce da Mai Gam asibiti. Ƙofar ɗakin baya a ɓalle, tsintsiya a yashe a tsakar ɗaki, takalminta ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Maƙwabta kuwa kowa ya zama alƙali.

"Direban nan ne mai kawo mata kaya," in ji telan da ke kallon gidan. "Kullum idonsa kamar na mai neman abin ɗauka. Na sha ganin baƙin fuskoki a motarsa."

"Ina ɗan sandan da aka ce yana gadi?" wata mata ta ce. "Tun safe kujerarsa ba kowa. Ruwa ba ya tsami banza."

Wani dattijo daga baya ya ce, yadda zan ji, "Shi wanda ya kawo ta gidan fa? Wa ya san gidan kamarsa?"

Na juya zan ba shi amsa, Gwaggo ta riƙe min hannun riga. Ta fita ne sayen maganin ƙafarta, ta dawo ta tarar da aika-aikar.

"Gwaggo, ki yi tunani da kyau. Tun da na kawo ta, akwai baƙon da ya shigo gidan nan?"

"Babu."

"Ko mai gyaran famfo, ko mai karatun mita?"

"Na ce maka babu baƙon da ya tako min gida. Ka ɗauke ni sakarya ce?"

* * *

A asibiti an yi wa Mai Gam ɗori, an naɗe hannun damanta tun daga yatsu har gwiwa. Da na ga hannun sai na tsaya cak. Ba tausayi kaɗai ba ne, in faɗi gaskiya. Akwai abin da na shirya wanda ba ya cikin kowace takarda. Duk kwalaben da aka kama, takardarsu a karkace take ta gefe guda, karkata iri ɗaya, domin haka hannunta ya saba. Niyyata in miƙa mata kwalba da gam a gaban alƙali ta liƙa, a ajiye kusa da waɗanda aka kama, kowa ya gani da idonsa. Baki yana iya ƙarya, sabon hannu ba ya yi.

Mun ma gwada a ɗakin Gwaggo. Sufeton da ke binciken ya kawo kwalabe, direba ya shigo da kwalin, Gwaggo tana leƙe daga ƙofa. Na jingina wayata da butar shayi, na zauna gefen Mai Gam, na ɗauke mu a bidiyo tana liƙawa. Na kalli bidiyon nan har na haddace shi. Yanzu ga hannun a naɗe.

"Sannu, 'yar'uwa," na ce.

Ta juya fuskarta bango.

"Kin gan su? Su nawa ne? Me suka ce?"

"Kai ka ce ko ƙuda," ta ce, ba ta waiwayo ba. Can ma'aikaciyar jinya ta zo ta kore ni.

* * *

Washegari alƙali ya ɗage zaman zuwa mako na gaba, ya kuma ce wannan ne ɗagi na ƙarshe. In babu shaida ranar, zai kori ƙarar. Lauyan Mai Sito har da yi min jaje a bakin kotu, munafuki, yana murmushi ta gefen baki.

Da na shiga ofis hira ta mutu. Masu buga takardu suka duƙufa kan aikin da na san ba su da shi. Darakta ta kira ni. Mace ce da ba ta ɓata kalma, ita ce ma tun farko ta ce kada in gaya wa kowa maɓoyar shaidar sai wanda dole ya je can, har ita kanta ba ta so ta sani.

"Su wa suka san gidan?"

"Ni, da Sufeto, da direba, da gwaggona, ranki ya daɗe."

"Ka san abin da ake faɗa a kanka?"

"Na ji ƙamshinsa."

"To ka kawo min wanda ya yi kafin zaman kotu. In ba haka ba zan karɓe fayil ɗin, kuma kai za a fara yi wa tambayoyi."

Na koma ɗakinmu raina a dagule. Ni da Dogo muke raba ɗakin, tebur yana kallon tebur. Dogo abokina ne tun muna ɗalibai, shi ne kuma lauya na biyu a shari'ar. Tare muka yi karatun lauya, tare muka sha yunwar makaranta. 'Ya'yansa Baba Ƙarami suke ce min, duk da na girme shi, wai don tsawona. Ya tura min kofin shayinsa.

"Sha, ka huce. Fuskar nan taka ko alƙali ya gani sai ya ba da beli."

"Dogo, an gama da ni."

"Ba a gama ba. Amma maganar liƙin nan ka cire ta a ranka, tunda hannun aikinta suka karya. Mu nemi wata hanya." Ya dafa kafaɗata. "Ka fara da direba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Shi kaɗai ne a ginin nan ya kalle ni ranar kamar mutum. Shi kaɗai ne kuma na iya zagin duniya a gabansa, tunda shi bai ma san inda aka ɓoye ta ba. Bidiyon gwajin kawai na tura masa, don ya taya ni tsara tambayoyi.

* * *

Na sami direba a bayan ofis yana wanke motar da take a wanke. Da ya gan ni soson ya faɗi daga hannunsa.

"Su wa kake ɗauka a motar gwamnati?"

"Yallaɓai, ni?"

"A'a, kakana. Tela ya gan ka da baƙin fuskoki a kan layin Gwaggo."

Ya fara rantsuwa, na ce ya ajiye rantsuwar sai gaban alƙali. Na matsa masa, na matsa masa, har gumi ya jiƙa masa wuya. Can ya durƙusa.

"Fasinja ne, yallaɓai. In na sauke kayan, sai in ɗan kwashi mutane a hanyar dawowa. Don Allah kada Darakta ta ji, yara gare ni."

"A bakin gidan kake ɗaukarsu?"

"Haba! Sai na fita babban titi. Telan nan haushina yake ji, na taɓa hana shi ɗora buhun yadi."

Na bi maganarsa har tashar da yake lodin, masu shara da masu kiran fasinja duk suka san shi, har da sunan tsokanar da suka sa masa. Ɓarawon man mota ne, wannan ba musu. Amma mutumin da ke rawar jiki a kan fasinja uku ba shi da zuciyar sayar da rai.

* * *

Sufeto bai yi rawar jiki ba. Ya bar ni a tsaye har ya gama shan ruwansa.

"Ina ɗan sandan da ka ajiye a ƙofar?"

"An janye shi da safen. Wani babba ya zo gari, aka kwashe kowa aka jera a titi. Na kira ka in gaya maka, wayarka tana ta ƙara ba ka ɗauka ba."

Na duba wayata. Ga kiran nan. Ina faɗa da na'urar buga takardu a lokacin.

"Wa ya san za a janye shi?"

"Duk wanda ke da kunne. Tun jajibiri ake shelar zuwan mutumin." Ya ajiye kofin. "Lauya, in tuhumata kake yi ka faɗa kai tsaye. Ni na fasa siton nan. Ni na ɗauki gawar yarinya daga hannun uwarta na kai asibiti a duba. In zan sayar da shari'ar nan, da tun ba ta zo teburinka ba na sayar."

Kunya ta kama ni, amma ban nuna ba. A aikinmu ba a ba wa wanda ake tambaya haƙuri. Na fito da hannu biyu babu komai, ga kwanaki suna ta zarcewa. Saura Gwaggo da ni kaina, kuma na fara fahimtar dalilin da ya sa masu buga takardu ke yin shiru in na wuce.

* * *

Na koma asibiti ba don ina sa ran komai ba. Gwaggo tana zaune a gefen gado tana yi wa Mai Gam fifita. An kawo mata ƙwayoyin magani a leda mai ƙulli. Na miƙa hannu zan kwance mata, ta janye ledar. Da hannun hagu, da yatsu uku, ta warware ƙullin nan kafin in ƙifta ido, ta ware ƙwayoyin, ta murɗe murfin gorar ruwa.

"Kai," na ce, "har kin koyi aiki da hagu?"

Gwaggo ta dube ni kamar na yi tusa a taro. "Koyo kuma? Bahaguwa ce, ai. Tun ranar da ta zo na ga yadda take riƙe tsintsiya. Kai dai idonka na takarda ne."

Na ciro wayata na buɗe bidiyon. Ga ta nan tana shafa gam da hannun dama, ƙiri-ƙiri. Na matso da hoton kusa. Sai a lokacin na lura da rubutun da ke jikin kwalin magani a bayanmu. A juye yake, daga ƙarshe zuwa farko. Da kyamarar gaba na ɗauka, ita kuwa tawa madubi ce, hagu take mayarwa dama. Ranar gwajin ma ba hannunta nake kallo ba, fuskar wayar nake kallo don kada mu fita daga hoton.

Na ja kujera na zauna.

"'Yar'uwa, ba don ni ba, don yaran nan. Me mutanen suka ce da suka shigo?"

Ta kawar da kai daga gare ni. Sannan ta yi magana da Gwaggo, ba da ni ba.

"Su biyu ne, Gwaggo, ban taɓa ganinsu ba. Ina shara suka banko ƙofa. Na ɗaga tsintsiya, ɗayan ya cafke hannun ya murɗe, ya ce mu ga da me za ki liƙa wa alƙali. Sai ɗayan ya daka masa tsawa, ya ce ba shi ba, an ce na dama, wanda ya gani da idonsa ya ce da dama take yi. Sai ya saki wannan ya kama wancan." Ta dubi ɗorin. "Ni kuma na yi shiru. Na bar su suka karya."

Wanda ya aiko su ya san maganar liƙi a gaban alƙali. Mu biyar muka san ta. Uku sun tsaya a ɗakin sun ga hannunta da idonsu. Ni ne na huɗu, kuma na san ban yi ba. Na biyar bai ga komai ba sai bidiyo.

Zuciyata ta ƙi. Na ce mata ai Dogo bai san inda aka ɓoye ta ba. Na sake kallon bidiyon, wannan karon ban kalli Mai Gam ba, na kalli bayanta. Tagar nan mai ƙarfe ɗaya a lanƙwashe. Ni da shi muka lanƙwasa shi, muna ɗalibai, lokacin da muke kwana a ɗakin muna satar fita kallon ƙwallo.

"Gwaggo," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "yaushe rabonki da Dogo?"

"Ai ya zo gaishe ni ana saura kwana biyu abin nan ya faru. Har da man shafawa ya kawo min na ƙafa, Allah ya yi masa albarka. Ya ce in riƙa zuwa kantin magani da kaina da hantsi, tafiyar tana da amfani."

"Na tambaye ki ko wani ya shigo gidan!"

"Cewa ka yi baƙo. Dogo baƙo ne? Yaron da na yi wa wanki?"

Ta tsaya. Maficin ya tsaya a hannunta. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a lokaci guda ba sai ranar.

* * *

Na roƙi Darakta ta tara mu a ofishinta da rana. Sufeto ya zauna kusa da ƙofa, direba ya rakuɓe a tsaye, Gwaggo na kan doguwar kujera da jakarta a cinya. Dogo ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙasa.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ina so mu roƙi kotu ta karɓi bayanin shaida a rubuce, tunda ba za ta iya nuna aikinta ba. Dogo, kai ka fi ni iya tsara irin wannan. Yaya za mu faɗa wa alƙali?"

"Mai sauƙi ne. Mu ce hannun da take sana'ar da shi aka karya, na dama, likita ya tabbatar."

"Ka tabbata da dama take liƙawa?"

"Haba Gajere, na gani da idona."

Na juya wajen direba. "Kai fa, da ka shigo da kwalin?"

"Da hagu take yi, yallaɓai. Har na tsokane ta."

"Sufeto?"

"Bahaguwa ce. Da hagu ta sa min hannu ranar da na ɗauki bayaninta."

Dogo ya yi dariya. "To, bidiyo ya yaudare ni. Kai ma ai ya yaudare ka. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Sai dai ya yaudari waɗanda suka karya ta su ma. Hagu suka fara kamawa, aka ce musu a'a, wanda ya gani da idonsa ya ce dama. Mutum ɗaya na tura wa bidiyon nan a duniya."

"Ni ban san inda take ba, kowa a nan shaida ne."

"Ka san tagar. Ka kuma je ka tabbatar."

"Ka zo gidana," Gwaggo ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ci abincina. Ka tambaye ni me ya sa ɗakinku yake a rufe, na ce ajiya ce ta ɗan'uwanka. Ka ce in riƙa fita da hantsi. Ni ka aika in ba su wuri, Dogo?"

Ga lauyan da na sha gani yana juya shaidu kamar waina a tanda, yau shi aka juya. Sufeto ya miƙa hannu ya ce ya ba shi wayarsa. Bai yi gardama ba. Ya zauna a hannun kujera ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

"Kashe ta za su yi, Gajere," ya ce. "Ƙanin Mai Sito ya same ni. Ko da ni ko ba ni sai sun gano ta. Ni na ce kada a taɓa ranta, hannu ya isa. Hannu yana warkewa."

"Sannu da taimako. Me aka yi maka alkawari?"

Ya mayar da tabaransa.

"Kujerar alƙali," in ji Darakta. "Sunanka ya taso daga sama kwanan nan, na yi ta mamakin wa ya tuna da kai."

"Shekara nawa ina ɗaukar jakar wasu?" Dogo ya ce, yanzu da zafi. "Waɗanda na koya wa tsayuwa a kotu yau ni ke rusuna musu. Kai ba ka damu ba, kai shari'a ce matarka. Ni ina da 'ya'ya."

"Waɗanda suka sha maganin ma 'ya'yan wasu ne."

Na so in shaƙe shi, wallahi na so. Abin da ya fi ci min rai ba hannun ba ne kaɗai. Shayin ne. Ya tura min kofinsa, ya dafa kafaɗata, ya aika ni in ci mutuncin direba, alhali ya san ni ake shirin rataya wa laifin. Ina ta zaton wuta a maƙera, ashe tana teburin da ke kallon nawa.

Da Sufeto zai fita da shi, ya tsaya a gaban Gwaggo kamar zai ce wani abu. Ta buɗe jakarta, ta ciro man shafawar, ta ajiye a kan teburin Darakta, ta kawar da kai.

* * *

Ban roƙi Mai Gam ta zo kotu ba. Ba ni da bakin. Na dai je na gaya mata wanda ya yi, da yadda aka yi ya sani, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, na tashi na tafi.

Ranar zaman, magatakarda ya kira shaida, na miƙe ina shirin ba kotu haƙuri. Sai ga ta ta shigo, Gwaggo na riƙe da ita, hannun a rataye a wuya. Murmushin lauyan Mai Sito bai gushe ba sai da na sa aka kawo kwalba da gam. Ya yi tsalle ya ce bai yarda ba, wannan wasan kwaikwayo ne. Alƙali ya ce ya zauna.

Ba ta da hannun riƙe kwalbar, sai ta matse ta tsakanin gwiwoyinta. Ta lakato gam da ɗan yatsa, ta shafa, ta ɗora takardar, ta bi ta da tafin hannu sau ɗaya. Magatakarda ya ɗauka ya jera ta kusa da waɗanda aka kama. Alƙali ya sauke tabarau ya leƙo. Karkata ɗaya, gefe ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya ce a ƙara mata wata. Ta ƙara. Daga kujerun baya, inda iyayen yaran ke zama, wata mata ta fashe da kuka. Mai Sito ya sunkuyar da kai, alƙali ya karɓi kwalaben a matsayin shaida, ya sa ranar ci gaba.

A barandar kotu na tare ta.

"Na gode, 'yar'uwa. Ban san da wane baki..."

"Ba don kai na yi ba."

"Na sani."

Ta gyara rataya a wuyanta. Karo na farko tun ranar da abin ya faru ta dube ni a fuska.

"Wanda ya sa aka yi min wannan, shi ma za a kawo shi nan?"

"Za a kawo shi."

"Kai za ka tsaya a kansa, kamar yadda ka tsaya a kan Mai Sito?"

"A'a. Wani lauyan za a ba. Doka ba ta yarda in gurfanar da shi ba, tunda abokina ne."

"Au," ta ce. "Har yanzu abokinka ne ke nan."

Na buɗe baki in gyara maganar, na rasa da wace kalma zan maye ta. Ta jira ni kaɗan. Da ta ga babu abin da zai fito, sai ta kama hannun Gwaggo suka sauka matakala.